Wai me ya sa ake cewa Shelly-Ann ta fi kowa a mita 100, alhali akwai wadda ta fi ta a agogo?

Maman_Ikram:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah masu bin harkar guje-guje ku taimaka min da bayani, ni dai ba sanin abin na yi ba, ko ƙwallo sai in maigida ya kunna nake ɗan leƙawa. Abin da ya kawo maganar, yarinyata tana aji biyu a ƙaramar sakandare, tun tana firamare in aka yi intahaus ita ke zuwa ta ɗaya, to bana da aka zo zaɓen waɗanda za su wakilci makaranta sai malamin wasanninsu ya cire ta, wai ta yi gajarta, wai gudun mita 100 na masu dogayen ƙafafu ne. Yarinyar nan ta dawo gida ko abinci ba ta kalla ba, ta shige ɗaki ta kwanta da kambas ɗinta a ƙafa, ni na je na cire mata.

Da daddare ƙanin mijina ya zo, da ya ji labari sai ya ciro waya ya nuna mata bidiyon wata 'yar Jamaika 'yar firit haka, ranar wasannin makarantar ɗanta, an jera iyaye mata za su yi tsere, kafin ka ƙifta ido ta bar su kamar a tsaye suke. Ya ce sunanta Shelly-Ann Fraser-Pryce kuma ba a taɓa yin mace kamarta a mita 100 ba. Tun ranar yarinya ta ishe ni da tambaya. Da muka duba a intanet kuma sai muka ga akwai wata Elaine, 'yar ƙasarsu ce ma, da ta fi ta lokaci mai kyau. To ina gaskiyar take? Wace ce matar nan, ya aka yi ta kai inda ta kai, kuma da gaske gajarta ba ta hana gudu? Ba na so in faɗa wa yarinya abin da ba haka yake ba don kawai in kwantar mata da hankali.

Tsohon_Gemsmasta:

Wa alaikumus salam 'yata. Na yi shekaru ina riƙe da usur a filin makaranta kafin in yi ritaya, kuma maganar malamin nan ta ɓata min rai, don ni ma a farkon aikina haka nake zaɓen yara, da ido, in ga dogo in ce shi ne. Matar nan da kike tambaya a kai tana cikin waɗanda suka sa na daina.

Tsawonta mita 1.52 ne, wato ƙafa biyar, shi ya sa suke mata laƙabi da Pocket Rocket, roka ce amma ta sakawa a aljihu. An haife ta ranar 27 ga Disamba 1986 a Kingston, ta tashi a wata unguwar talakawa mai suna Waterhouse inda rikicin 'yan daba ya yi katutu, uwarta ce ta rene su ita kaɗai da 'yar sana'ar saye da sayarwa a bakin titi, uwar ma ta taɓa gudu da ƙuruciya. A firamare ba takalmi take gudu ba. Ta yi sakandare a Wolmer's, kuma a lokacin ba wai ita ce tauraruwar ƙasar ba, sai da ta shiga jami'ar fasaha ta Kingston ta faɗa hannun wani koci Stephen Francis na kulob ɗin MVP, shi ya gyara mata tashi da yadda take ɗaga gwiwa da wurga hannu.

A 2008 aka yi gasar tantance waɗanda za su je Olamfik na Beijing, yarinyar da ba wanda ya san ta ta zo ta biyu da daƙiƙa 10.85, Veronica Campbell-Brown kuwa wadda ke riƙe da kambun duniya a lokacin ta zo ta huɗu, alhali mutum uku ake ɗauka. Ƙasa ta ɗauki surutu, a cire wannan 'yar yarinyar a sa Veronica. Kin ga irin abin da aka yi wa 'yarki ke nan, bambancin kawai su hukumarsu ta tsaya a kan ƙa'ida, agogo ne alƙali ba ido ba. Ta je Beijing tana da shekara 21 ta ci zinare da 10.78, mace ta farko daga yankin Karebiyan da ta taɓa cin mita 100 a Olamfik, 'yan ƙasarta biyu Sherone Simpson da Kerron Stewart suka yi kunnen doki a matsayi na biyu. Har yau ina tuna yadda take tsalle tana dariya da ƙarfen gyaran haƙori a bakinta, ita kanta ba ta yarda ba.

Daga nan lissafin sai ki gaji. Gasar duniya a Berlin 2009 ta ci. Olamfik na Landan 2012 ta sake ci da 10.75. A gasar duniya ta Mosko 2013 ta haɗa uku, mita 100 da mita 200 da gudun miƙa sanda, a wannan mita 200 ɗin ne Blessing Okagbare tamu ta samu tagulla a bayanta. Beijing 2015 ta ci. Doha 2019 ta ci. Eugene ta Amurka 2022 ta ci tana da shekara 35. Kambun duniya biyar ke nan a mita 100 kaɗai, ba namiji ba mace babu wanda ya yi haka, Usain Bolt ma uku gare shi. A Olamfik kuma sau huɗu a jere tana hawa dandamalin karɓar lamba a mita 100, zinare biyu, tagulla a Rio 2016 da ciwon yatsan ƙafa, azurfa a Tokyo.

Batun gajarta kuwa bari in miki dalla-dalla don ki faɗa wa jikata. Gudu abu biyu ne, faɗin taku da yawan taku. Dogo yana da faɗin taku, Bolt da tsawonsa na mita 1.95 taku 41 ya yi a Berlin ya gama. Amma dogo kafin ya warware jikinsa daga durƙuso ya miƙe an ci mita da yawa. Gajere kuwa ƙafarsa na saurin juyawa, kuma yana fita daga bulok, wato abin tokare ƙafar nan da ake tashi a kai, kamar an harba gwafa. Shelly-Ann a nan take kashe su, ki kalli kowane tserenta, a mita 30 na farko ta riga ta ba su rata, sauran aikin shi ne kar ta sassauta. Masu dogayen ƙafafu suna tahowa a ƙarshe amma layi ya riga ya iso. Gajere ba yaro ba ne, Hausawa sun riga sun faɗa.

Tambayarki ta agogo kuma gaskiya ne, Elaine Thompson-Herah ta yi 10.54, Shelly-Ann kuma mafi kyawun nata 10.60 ne. Sai dai in ana maganar wa ya fi, ni ba rana ɗaya nake dubawa ba, shekaru nake ƙirgawa.

Abba_Sabongari:

Baba da girmanka amma nan fa ban yarda ba gaskiya. Gudu ai agogo ne kai ma ka faɗa da bakinka, to in agogo ne Elaine ce gaba. Kuma ba a bayan idonta ta yi ba, sau biyu suna haɗuwa a fainal ɗin mita 100 na Olamfik sau biyu Elaine na doke ta, Rio 2016 da 10.71, Tokyo 2021 da 10.61, kuma duk biyun ta haɗa da mita 200, babu macen da ta taɓa cin duka biyun a Olamfik biyu a jere sai ita. Sati uku bayan Tokyo ta je Eugene ta buga 10.54, saura ƙiris ta kamo tarihin duniya na 10.49 da Florence Griffith-Joyner ta Amurka ta kafa a 1988 wanda har yau ana gardama a kansa saboda na'urar auna iska ta nuna sifili alhali iska na kaɗawa a filin ranar. In ka cire wancan to Elaine ce mace mafi gudu da aka taɓa yi, ƙarshen zance. Ciwon agara ne kawai ya cuce ta wallahi, da ƙafar nan ta bar ta da yanzu wani labarin ake.

Sannan Baba ka tsallake wani abu, a 2010 ai an dakatar da Shelly-Ann wata shida saboda an samu haramtaccen magani a jikinta. Anti Maman Ikram ta ce ba ta son a ɓoye mata komai, to a faɗa mata har wannan. Ni fa 'yan Jamaikan nan ina son su amma ƙasa 'yar mitsitsiya tana ta kwashe zinare haka dole mutum ya yi tambaya, ga Nesta Carter nan, abokin miƙa sandar Bolt da aka kama da haramtaccen magani, da ya ja aka ƙwace wa Bolt zinarensa ɗaya na 2008.

Anti_Nas:

Ƙanena Abba ka yi magana mai ma'ana amma akwai abin da ku maza ba za ku gane nauyinsa ba, ni ungozoma ce kuma ni kaina an taɓa yi min aiki, bari in faɗi nawa.

A watan Agustan 2017 ana gasar duniya a Landan Shelly-Ann tana gida da tsohon ciki, tana kallon fainal ɗin mita 100 na mata a talabijin, tseren da ita ce ke riƙe da kambunsa, naƙuda ta taso mata. Washegari aka ciro mata ɗanta Zyon ta tiyatar gaggawa. Duk wadda aka yi wa aikin nan ta san abin da nake nufi, kwana na farko tari ma tsoronsa kike, sai kin danne ciki da filo, tashi daga gado sai an kama ki, in kika taka zuwa banɗaki kamar kin yi tafiyar kilomita. Ni sai da na yi wata huɗu kafin in iya ɗaga bokitin ruwa ban ji wurin ya ja ni ba. Shi kuwa gudun nan da kuke gani ƙarfinsa daga tsakiyar jiki yake, daga ciki da ƙugu, daidai inda wuƙa ta bi. Matar nan ba ta cika wata uku ba ta koma tirenin, tana da shekara 30, shekarun da yawancin masu gudu ke fara haɗa kayansu. Mutane da yawa sun ce ta gama.

Shekara biyu bayan nan a Doha ta yi 10.71 ta karɓe kambunta, ta ɗauki yaron a hannu tana zagaya fili da shi, gashinta kala-kala kamar bakan gizo. Ina dutin dare aka turo min bidiyon, na nuna wa wata mai jego da aka yi wa aiki da safe tana ta kuka wai jikinta ya lalace ba za ta ƙara moruwa ba, ta karɓi wayar ta kalla har sau uku ba ta ce komai ba.

Kuma abin da ya fi ba ni mamaki, 10.60 ɗin nan da ake cewa shi ne mafi kyawunta, ba tana budurwa ta yi shi ba fa, a 2021 ne a Lausanne tana da shekara 34, bayan haihuwa. A 2022 sau bakwai tana sauka ƙasa da 10.70 a shekara ɗaya. Wato bayan tiyata ta fi gudu a kan kafin tiyata. Elaine gwana ce ban musa ba, amma ni wannan ce tawa.

Dan_Maradi:

Sallama gare ku mutanen Najeriya, ina biye da ku tun ɗazu. Mu nan Nijar muna da dalilinmu na tuna Eugene 2022, don ɗiyarmu Aminatou Seyni ta kai fainal ɗin mita 200. Wajen ƙarfe uku da rabi na dare aka yi shi a agogonmu, na tada ƙannena muka zauna tsakar gida kan tabarma waya ɗaya mu huɗu, sauro na cizo ba wanda ya kula. Shericka Jackson ta ɗaya, Shelly-Ann ta biyu, Dina Asher-Smith ta Ingila ta uku, Aminatou ta huɗu, tsakaninta da tagulla kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Har aka kira assalatu muna maimaita bidiyon muna cewa da ta ƙara taku guda. A ranar na san matan Jamaika ba wasa ba ne, mai shekara 35 ce fa ta gaban tamu.

Malam Abba, tambayarka ta yadda ƙaramar ƙasa ke yin haka, ni ma na yi ta. Mutanen Jamaika ba su kai miliyan 3 ba, jihar Maraɗi kaɗai ta fi su yawa. Wasu na cewa doyar da suke ci ce, to in doya ce ai da Binuwai ta cika da zinare. Abin da na gano shi ne suna da wata gasa ta 'yan sakandare da suke ce ma Champs, tun 1910 ake yin ta, kowace shekara kafin Ista, kwana biyar a babban filin wasa na Kingston, filin ya cika maƙil, ana nunawa a talabijin, tsoffin ɗalibai su zo da rigunan makarantunsu da ganguna kamar yadda muke cika fili lokacin kokowar takobi. Yarinya 'yar shekara 14 ta saba gudu gaban dubban mutane suna ihu, in ta je Olamfik me zai firgita ta? Kuma kowace makaranta da kocinta na gaske. Da can in yaro ya yi fice sai jami'o'in Amurka su ɗauke shi, daga 1999 da aka kafa MVP suka fara riƙe nasu a gida. Mu kuwa ɗiya na kai shekara 13 za a ce ta girma ta bar guje-guje, ko fili babu, ko malami ya dube ta ya ce ta yi gajarta. Allah kaɗai ya san Aminatou nawa muka yi asara tsakanin Dosso da Diffa.

Tsohon_Gemsmasta:

Abba ɗana, ka kyauta da ka tado maganar 2010, ban tsallake ta don ɓoyewa ba, rubutun ne ya yi tsawo. Ga yadda aka yi. Ta je gasa a Shanghai da ciwon haƙori, ta sha maganin kashe zafi mai suna oxycodone, ba ta rubuta shi a takardar da ake cikewa kafin gwaji ba, aka gan shi a fitsarinta, aka dakatar da ita wata shida. Maganin yana cikin jerin haramtattu amma ba ya ƙara gudu, kuma ba ya ɓoye wani maganin. Ta amsa laifinta, ta ce duk abin da ya shiga jikinta alhakinta ne. Ka gwada da hukuncin masu shan na ƙara ƙarfi, shekaru ake ba su, tamu Blessing shekara 11 aka yanke mata, abin da har yau yake min ciwo. Bayan wancan Shelly-Ann ta ƙara shekara 15 tana gudu ana gwada ta ba a sake jin komai ba.

Elaine kuwa ba na rage mata komai, a ranar da jikinta ya yarda babu mai kamo ta, na yarda. Amma ka duba, ba ta da zinaren gasar duniya ko ɗaya a tseren mutum ɗaya. Ita Shelly-Ann kuwa lambarta ta farko a gasar duniya a Osaka ne 2007 a gudun miƙa sanda, ta ƙarshe a Tokyo 2025, shekara 18 tsakani. A 2023 da ciwon gwiwa ta samu tagulla a Budapest. A Olamfik na Paris 2024 ta janye kafin zagayen kusa da na ƙarshe, kowa ya ce shi ke nan an rufe littafi ba daɗi, sai ga ta a Tokyo tana da shekara 38 ta sake kai fainal ta zo ta shida. A miƙa sanda ita ta fara, ana ruwan sama, ta damƙa wa Tia Clayton, yarinyar da take 'yar shekara huɗu lokacin da aka ci zinaren Beijing, suka samu azurfa. A nan ta ajiye takalmi.

Mu da muka manyanta mun ga irin wannan doguwar tafiya a wurin Merlene Ottey ta Jamaika, ita ce uwarsu duka. Olamfik bakwai ta je daga Mosko 1980 zuwa Athens 2004, na ƙarshen da rigar Sloveniya tana da shekara 44, lambobi tara amma babu zinare ko ɗaya. A Atlanta 1996 ita da Gail Devers ta Amurka duk 10.94 agogo ya nuna, aka duba hoto aka ba Devers. Ranar na kasa cin tuwon dare. A mita 200 kuma ta sake yin ta biyu, Mary Onyali tamu na biye da ita da tagulla. Abin da Ottey ta yi ta nema shekara 24 bai zo ba shi yarinyar Waterhouse ta ɗauka a fitarta ta farko, sannan ta zauna ta yi daɗewar Ottey ɗin kuma.

Maman_Ikram:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Baba Allah ya ƙara girma, na karanta mata naka tun daga farko har ƙarshe, da na zo wurin mita 1.52 sai ta tashi ta ɗauko tef ɗin ɗinkina ta jingina da bango ta ce in auna ta, 1.47 ta yi. Anti Nas ni ma aiki aka yi min a haihuwarta, shi ya sa naki sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru. Abba kai ma na gode, ta ce za ta kalli na Elaine ɗin ma.

Babanta ya ce ranar Litinin zai je makarantar ya roƙi a jera su a sa agogo, in an fi ta an fi ta. Baba saura tambaya ɗaya, mu nan ba mu da wannan bulok ɗin, filin unguwarmu ƙasa ce da tsakuwa, ya za ta riƙa koyon tashin kafin ranar, kuma sau nawa a sati ya dace da mai shekara 13?